BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

 Muna neman iznin iyayenmu da malamanmu mu ɗan taɓa wata magana wadda ta daɗe tana ci mana rai, watau yadda muke sallamar 'ya'yanmu idan Allah ya buɗa musu hanyar karatu a ƙasashen waje. In mun yi kuskure a gyara mana, shafin nan na kowa ne.

Kowa dai ya san yadda abin yake. Takarda ta iso, an ce yaro ya sami gurbi a Masar, ko Madina, ko Ingila. Nan da nan gida ya ɗauki guɗa. A yanka rago, a ɗora tukunyar wake da shinkafa, a kira malamai a sauke Alƙur'ani, a ɗinka wa yaro riguna uku masu aiki. Ran tafiya kuwa a cika mota biyu tun daga Kumasi har filin jirgin sama na Ankara (Ankararmu ta bakin teku muke nufi, ba ta Turkiyya ba), a yi ta koke-koke da ɗaukar hoto. Ba mu ce wannan laifi ne ba, ko kusa. Wanda zai bar gida yana bukatar addu'a fiye da kome. Amma a cikin duk taron nan da wuya a sami mutum guda wanda ya shimfiɗa tabarma, ya jera takardun yaron, ya karanta su ɗaya bayan ɗaya. Mu da sana'armu ke nan, buga wasiƙa da jera fayil, mu ake kawo wa kuka daga baya, sa'ad da ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada. Abin da muka gani shekara da shekaru shi ne, ba ƙarancin ƙwaƙwalwa ke kayar da yaranmu ba. Galibi takarda ce, da kuma tambayar da ba a yi ba tun ana gida.

Bari mu fara da suna, don nan ne ciwonmu mu mutanen Zango. Ran suna liman ya raɗa wa yaro Abubakar. A gida ana kiransa Garba. Da aka kai shi makarantar boko, malamin da ya rubuta shi ba Bahaushe ba ne, ya rubuta abin da kunnensa ya ji, Bukari. A makarantar Arabiyya an rubuta Abubakar ɗan wane da baƙin Larabci, an ƙara masa sunan kakansa. A takardar haihuwa kuma wani kawu ne ya je ya yi, ya sa sunan uban a gaba, na yaron a baya. To, ga yaro ɗaya, ga mutum huɗu a takarda. Haka Usman yake zama Osman da Usumanu, haka Zainabu take zama Zenabu, Muhammadu kuwa Allah kaɗai ya san iri nawa ake rubuta shi. A unguwa ba wanda wannan ya dama, kowa ya san ɗan gidan wane ne. Amma akawun da ke zaune a ofishin biza bai san gidan wane ba. Shi harafi yake dubawa. In sunan da ke fasfo ya saɓa wa na takardar WAEC, a wurinsa mutum biyu ne, kuma ba shi da lokacin sauraron tarihin kakanni.

Wannan yana gyaruwa, amma fa da lokaci. Akwai rantsuwa da ake yi a gaban mai ikon rantsarwa, akwai buga gyaran suna a Gazet ta gwamnati, sa'an nan a bi ofis-ofis a daidaita takardar haihuwa da Katin Ghana da fasfo su zama baki ɗaya. Ba aikin mako guda ba ne. Takardar jarrabawa ita ce mafi taurin kai, in ta riga ta fito da wuya a canja ko harafi ɗaya a cikinta. Saboda haka mafi sauƙi shi ne uba ya je makaranta da kansa kafin a rubuta yaro a jarrabawar ƙarshe, ya ce a nuna masa yadda aka rubuta sunan da ranar haihuwa. Aikin rabin sa'a ne. Mun ga wata yarinya, mai ƙoƙari ƙwarai, wadda gurbinta ya wuce ta tana nan tana zirga-zirga a kan harafi biyu, har lokacin buɗe makaranta ya shige.

Ranar haihuwa ta fi suna haɗari, kuma a nan za mu faɗi gaskiya ko da ta yi ɗaci. Yaranmu da yawa sukan daɗe a makarantar allo da ta ilimi kafin su kammala, sai shekaru su tafi. Masu ba da sukolashif kuwa suna da iyaka. Jami'o'in Saudiyya ba su ɗaukar wanda ya haura shekara 25 a karatun digirin farko, sukolashif ɗin gwamnatin Turkiyya kuma ƙasa da 21 yake so. Daga nan sai wani mai wayo a unguwa ya ce kawo kaza, a rage masa shekara uku. A dā abin yakan wuce. Amma tun 2010 fasfon Ghana ya zama na zanen yatsa, ga Katin Ghana ya zo ya daɗa ɗaure abin, yatsan da aka ɗauka sau ɗaya yana nan yana jiran mai shi. Ingila kuwa in ta kama mutum da takardar ƙarya tana iya rufe masa ƙofa har shekara goma. Ban da wannan ma, yaron da za a aika ya karanto Hadisi da Fiƙihu, a fara masa tafiyar da rantsuwar ƙarya? Haba jama'a. In shekarunsa sun wuce na wannan ƙofa, a nemi wata.

Akwai kuma maganar da ba mu son tunawa, amma tilas. Tsofaffinmu ba su manta da Nuwamba ta 1969 ba, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasa, mutanen da aka haifa a nan suka bar gidajensu da rumfunansu don ba su da abin nunawa. Yau tsarin mulkin 1992 ya faɗa sarai, wanda aka haifa bayan kafa shi, in ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Ghana ne, shi ma ɗan Ghana ne. Haƙƙi ne, ba alfarma ba. Duk da haka mai suna irin namu in ya je neman fasfo, kada ya yi mamaki in an tambaye shi garin kakansa, ko aka ce ya kawo shaida. Maganinta a je da shiri. Tsohon fasfon uba, na aikin hajjin kaka, takardar haihuwar uwa, duk wata tsohuwar takarda da ke ƙasan adaka, a fito da ita a kakkaɓe, a adana. Kuma yaro ya je da ƙafarsa, ya bar 'yan kamashon bakin ƙofa.

To, a ce suna ya daidaita. Tambaya ta biyu wadda ba mu yi ita ce, wannan karatu, in an gama shi, wa zai karɓe shi? Tambayar tana da baki biyu, na zuwa da na dawowa.

Na zuwa, ga misalin Azhar. Makaranta ce mai daraja wadda ta haura shekara dubu, kuma tun gyaran 1961 ana karanta likitanci da injiniya a cikinta ban da ilimin addini. Amma Azhar ba kowace shahada take ɗauka daidai da tata ba. In makarantar da yaro ya gama a nan ba ta cikin waɗanda aka yi wa mu'adala, watau aka yarda shahadarsu daidai take da ta can, sai a yi masa jarrabawar gwaji, a ajiye shi inda aka ga ya dace. Sau da yawa wanda ya bar gida ana kiransa Ustaz yakan tarar an mayar da shi ajin sakandare, tare da yaran da ya girma. Karatun da iyaye suka lissafa shekara huɗu sai ya zama bakwai ko takwas. Ba zalunci aka yi masa ba, dokarsu ke nan, mu ne ba mu tambaya ba. A tambayi shugaban makarantar nan gida tun da wuri, shahadarku tana da mu'adala ko babu, in ya ce akwai, a ce a ga takardar. Kana yaro ya sani Larabcin littafi dabam, na titin Alƙahira dabam. Zai yi watanni kafin ya gane abin da mai sayar da burodi ke ce masa.

Na dawowa ya fi wannan zafi. Wanda ya komo da digirin waje yana neman aikin gwamnati ko ƙarin karatu, sai ya kai takardarsa hukumar GTEC, wadda aka kafa a 2020, ta auna ta. In makarantar da ya je ba ta da rajista ko a ƙasarta, an gama magana, shekarun sun tafi. Wanda ya karanto likitanci sai ya ci jarrabawar Majalisar Likitoci ta Ghana kafin ya taɓa majiyyaci, kuma a 2022 majalisar ta sanar ba za ta amince da likitancin da aka ƙarasa ta intanet daga Yukren ba, bayan yaƙi ya kori ɗalibai daga can. Duk wannan ana iya bincikawa tun kafin a biya ko sidi ɗaya. Wasiƙa ce a rubuta, ko a taka a je a tambaya. Dillalan makarantu da ke yawo da hotunan manyan gine-gine ba za su yi mana wannan tambaya ba, su kamashonsu suke nema.

Masu zuwa ƙasashen Larabawa muna da wata shawara dominsu, ko da wasu malamanmu ba za su so ta ba. Kada yaro ya tafi sai da takardar sakandaren boko a hannunsa, in da hali. Mun ga mutanen da suka yi shekara goma a waje, suka komo da ilimi kamar kogi, amma ba su iya rubuta takardar neman aiki da Turanci. Tun 1987 akwai sashen makarantun Islamiyya a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, amma guraben malaman Larabci ba su kai yawan masu dawowa ba, kuma aikin ofis a ƙasar nan da Turanci ake yinsa. Sai ka ga babban malami yana jiran sadakar suna da ta ɗaurin aure. Wannan bai dace da shi ba, bai kuma dace da mu da muka aika shi ba.

Maganar kuɗi ba za mu tsawaita ba, sai dai a yi lissafi da alƙalami, kada a yi shi da fatan alheri. Ingila tana so ta ga kuɗin makaranta da na zama sun kwana 28 a jere a banki kafin a nemi biza. A Janairun 2025 kuɗin zaman ya kai fam 1,483 a wata ga mai zama London, fam 1,136 ga na sauran garuruwa, har na wata tara, kuma an sake ƙarawa bayan nan. Ga kuɗin asibiti da ake biya tun gaba, wanda aka mayar fam 776 a shekara a 2024, ga gwajin tarin fuka da za a yi a Ankara. Masu cewa ai in ya je zai yi aiki ya biya, su sani sa'a 20 kaɗai aka yarda ɗalibin jami'a ya yi aiki a mako lokacin karatu, wanda ya zarce kuwa bizarsa yake wasa da ita. Wanda zai riƙa aika kuɗi daga nan ya tuna da 2022, shekarar da dala ta tashi daga wajen sidi 6 ta haura 13 kafin ƙarshen Nuwamba. Iyaye nawa suka sayar da fili a shekarar nan? Mai sukolashif ma kada ya saki jiki. Alawus, ko na wace hukuma ne, yakan makara, mai gidan haya kuwa ba ya makara. A ganinmu rabin abin da ake kashewa a walimar sallama, in aka ƙulle shi aka ba yaro ya riƙe na wata uku, ya fi amfani nesa ba kusa ba.

Yanzu ga abin da ya fi ba mu mamaki. Mu fa jikokin fatake ne. Sunan unguwarmu ma, zango, ma'anarsa wurin da ayari ke sauka. Kakanninmu da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga neman goro, tafiyar watanni a ƙasa, ba su taɓa tashi haka kawai ba. Akwai madugu mai jan ayari, akwai jagaba wanda ya san hanya, a kowane gari kuma akwai mai masauki wanda aka sani tun kafin a iso, shi zai ba da ɗaki, ya ajiye kaya, ya tsaya wa baƙo in rigima ta taso. Har a wajen neman ilimi haka magabata suka yi. Mutanen Kanem sun kafa makaranta da masauki a Masar tun wajen shekarun 1240, saboda ɗalibansu da alhazansu su sami inda za su sa haƙarƙari. Ashe mu da muke da waya a aljihu, mu ne za mu sa yarinya 'yar shekara 19 a jirgi, ta sauka tsakar dare a garin da ba ta san kowa ba, da adireshi a guntuwar takarda?

Ba garin karatu da za a je yau a rasa ɗan Zango ko ɗan Ghana a ciki. A Alƙahira akwai unguwar ɗaliban waje ta Azhar, ga ƙungiyoyin ɗalibai a kusan kowace jami'a. Kafin a sayi tikiti a nemo mutum guda mai amana, a yi magana da shi, uba ya ji muryarsa, a san shi zai tarbi yaro, a san inda zai kwana a makon farko. Shi ne zai nuna masa yadda ake sabunta takardar zama kafin ta mutu, don akwai tara da kamu a kan iƙama. Baƙo ko da idonsa makaho ne. Kuma in 'ya mace ce, a nemo mata mace, a bar kunyar tambaya.

Da isarsa, aikin farko ya je ya rubuta sunansa a ofishin jakadancin Ghana. Yara sukan ga wannan ɓata lokaci ne. A Fabrairun 2022 yaƙi ya tashi a Yukren, a Afrilun 2023 ya tashi a Khartum, inda ɗalibanmu suke karatu a Jami'ar Afirka da wasunta, aka kwaso mutane ta mota zuwa kan iyaka. A irin wannan rana wanda sunansa ke cikin littafi shi ake fara nema. Waɗansu sun tsira da ransu amma sun baro fasfo a ofishin makaranta, waɗansu sun baro sakamakon shekara uku a ginin da ba mai iya komawa. Saboda haka muna roƙon kowane ɗalibi, ƙarshen kowace shekara ya karɓi takardar sakamakonsa mai hatimi, ya ɗauki hotonta ya aiko gida. Fasfo da katin rigakafin shawara da takardar shiga makaranta su ma a yi musu kofi biyu, ɗaya a jakarsa, ɗaya a adakar uwarsa. Na ainihin kuwa su zauna a jakar hannu, kada a sa su cikin akwatin da za a auna.

Sauran ƙananan abubuwa kowa zai iya tunawa. Sanyi gaskiya ne, har a Masar, inda daren Janairu kan sauka ƙasa da awo 10, balle London inda rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4 a Disamba, Azahar da La'asar da Magariba su taho a gurguje cikin sa'o'in lacca. Ya tambayi malaminsa hukuncin wannan tun yana gida. Riga mai aiki ba ta tare sanyi, a rage ɗaya a saya masa kwat. Gari da yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa suna tafiya lafiya in an ɗaure su da kyau an kuma bayyana su in an tambaya, amma kilishi a bar shi, Ingila da Amurka ba su yarda a shigar da nama ba, kwacewa za a yi, wataƙila har da tara. Ɗan namiji kuma a tura shi madafa wata biyu kafin tafiya. Mun san wannan zai ba iyaye mata dariya, amma can ba ƙanwar da zai aika. Kana kada ya karɓi saƙon kowa a rufe a filin jirgi, ko da mai saƙon ya ambaci sunan kakansa.

Abin da muke nema ga Sarkin Zango da limamanmu ƙarami ne. A sa mutum huɗu ko biyar, a cikinsu a sami wanda ya karanto a ƙasar Larabawa, da wanda ya karanto a Turai, da mace guda, da akawu guda, su riƙa zama sau ɗaya a wata. Duk gidan da ke da niyyar fitar da yaro ya zo da takardunsa shekara guda kafin lokaci, a duba. A kuma buɗe littafi a rubuta kowane ɗalibinmu da ke waje, garinsa, makarantarsa da mai masaukinsa, don na baya ya sami wanda zai sauka wurinsa. Ba a bukatar ofis ko kuɗin shiga, zauren makaranta ya isa.

Kafin manya su yanke shawara, mu akawunan unguwa mun yarda mu fara. Ranar Lahadin farko ta kowane wata, bayan sallar La'asar, za a same mu a zauren da aka saba taron unguwa. Masu neman Turkiyya su tuna ana buɗe nema ne a Janairu a rufe a Fabrairu, su za mu fara gani. A zo da takardar haihuwa, da Katin Ghana, da sakamakon jarrabawa na boko da na Arabiyya, da fasfo in akwai. Uba ko uwa su zo tare da yaron, kada a aiko shi shi kaɗai.